Wane ne namijin duniya a kan ƙanƙara?

Baban Sadik, Edmonton
Assalamu alaikum jama'a. Kwana uku ke nan, a wannan Yunin na 2025, da Florida ta sake raba mu da Kofin Stanley, kofin NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada, har yanzu garin nan kamar gidan makoki. Bara sai da aka kai wasa na bakwai, bana ko nan ba mu kai ba, a na shida suka gama da mu da ci 5–1. Tun ranar duk rediyon da na kunna a mota magana ɗaya ce, wai 'yan Oilers, ƙungiyarmu ta Edmonton, ba su da tauri, Florida ta fi su tauri. Fasinja ya shigo, ita ce. Ka je wurin aski, ita ce. To ni abin da ya tsaya min a rai, mene ne taurin nan? A wasa na uku da aka yi mana 6–1, yaranmu sun yi ta kai naushi, sun tara horo na sama da minti 80, an kori da yawa kafin a tashi. In naushi ne tauri, ai ranar babu wanda ya kai mu. Amma ranar ce na fi jin kunya. Ku da kuka daɗe kuna kallon hokin nan ku faɗa min, domin ina da dalilin tambaya.

Abba, Kano
Wa alaikumus salam Yaya. Ni ban taɓa taka ƙanƙara ba, a YouTube nake ganin abin, kuma gaskiya faɗan ne ya fara jawo ni. Na ga na watan Fabrairu tsakanin Kanada da Amurka a Montreal, faɗa uku cikin daƙiƙa 9 da take wasa, alƙalai suna tsaye suna kallo sai da mutum ya kai ƙasa. Dambe sak, sai dai a kan takalmi mai wuƙa. A ganina wanda ya zubar da safar hannu ya tsaya gaba da gaba, shi ne namiji. Amma me ya sa ake cewa wasannin neman kofin nan daban suke da na sauran shekara?

Alhaji, Calgary
Abba ɗana, bari in warware maka. Ƙungiya 32 ce a NHL, bana kowacce ta buga wasa 82 daga Oktoba zuwa Afrilu. Wannan duk share fage ne. Sai a ɗebi 16 su shiga zagayen fitar da gwani. Zagaye huɗu ne, a kowanne za ka yi ta karawa da ƙungiya ɗaya tak har sai wani ya ci wasa huɗu. Ke nan kafin ka ɗaga kofi sai ka ci wasa 16, cikin wata biyu, yau wasa gobe jirgi jibi wasa. Kuma ka lura, mutanen nan dai su ne za ka sake gani jibi. Wanda ya gano kafaɗarka ta hagu na ciwo, nan zai yi ta bangaza har mako biyu. Shi ya sa koci ba ya faɗin inda ɗan wasa ya ji rauni, sai dai ya ce a saman jiki ne ko a ƙasan jiki, a bar shi a haka.

Sannan babu bugun raba gardama. In an tashi kunnen doki, a ƙara minti 20, a ƙara wasu, har sai faifan, wato ƙwallon wasan, ya shiga raga. A 2020 Tampa Bay da Columbus sai da suka shiga ƙari na biyar, wani ɗan baya mai suna Seth Jones ya yi minti 65 a kan ƙanƙara shi kaɗai, a wasan da daƙiƙa 45 ke sa mutum haki.

Faɗan da kake so kuwa, a wannan lokacin raguwa yake yi. Ƙaton da aka ajiye don naushi kawai sau da yawa ko riga ba a ba shi a watan Mayu, domin kowane gurbi yana da tsada.

Akwai labarin da Wayne Gretzky, tsohon tauraron Edmonton, ya sha bayarwa. A 1983 New York Islanders suka share Edmonton huɗu da nema, suka ɗauki kofi na huɗu a jere. Ya ce da zai fita dole ya wuce ta ƙofar ɗakinsu, yana ta fargabar jin shewa da kiɗa. Da ya leƙa sai ya ga mutane zube, kowa da ƙullin ƙanƙara a gwiwa ko a kafaɗa, ba mai ƙarfin murna. Su kuwa da aka cinye lafiyarsu lau. A nan ya gane abin da ba su biya ba. Shekara ta zagayo, 1984, Edmonton ta doke waɗannan mutanen ta ɗauki kofinta na farko. Baban Sadik, amsarka tana cikin tarihin garinku.

Isufu, Montreal
Alhaji ya gama magana. Ni a wurina tauri shi ne tare faifai da jiki. Ku da ba ku taɓa riƙe shi ba, roba ce mai nauyin kusan giram 170, ana daskarar da ita kafin wasa, ta koma kamar dutse. In gwani ya maka mata sanda tana wuce kilomita 160 a awa. To mutum da hankalinsa ya durƙusa a gabanta don kada ta isa raga.

Ba na son Boston, duk ɗan Montreal ya san dalili, amma gaskiya ɗaya ce. A 2013 Gregory Campbell ya kwanta gaban bugun Evgeni Malkin na Pittsburgh, ƙashin ƙafarsa ya karye nan take. Lokacin ɗan uwansa na kejin horo, inda ake zaunar da mai laifi na ɗan lokaci, su huɗu ne da mutum biyar. Da ya zauna sun koma uku. Sai ya miƙe yana ɗingishi, yana dogara sanda, yana tare hanya kusan minti guda har aka fitar da faifan. Bai naushi kowa ba, bai ci ƙwallo ba, amma filin nan kaf sunansa ake kira. A wasan ƙarshe na wannan shekarar Patrice Bergeron ya buga da karyayyen haƙarƙari da gocewar kafaɗa, ana tashi aka wuce da shi asibiti, ashe huhunsa ya huje. A 2019 Zdeno Chara faifai ya karya masa muƙamuƙi, magana ma ba ya iyawa, ya buga wasa uku a haka. Tun a 1964 Bobby Baun na Toronto an fitar da shi a kwance da karaya, ya dawo ya ci ƙwallon ƙarin lokaci.

Ina yaro a Damagaram na ga shaɗin Fulani. Wanda ake yi wa guɗa shi ne wanda ya ɗaga hannu ya karɓi bulala bai ƙifta ido ba. Mai dukan ba a cika tuna shi ba.

Maman Iman, Mississauga
Salamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa, na so in yi shiru amma na kasa. Malam Isufu, ka ce ana tashi aka wuce da Bergeron asibiti, sai ka wuce zuwa na gaba kamar ka faɗi cin ƙwallo. Ni aikina ke nan, shekara 12 ina jinya a sashen gaggawa. Na san yadda mai hujajjen huhu yake kama gefen gado yana neman iska. Da an ƙara masa bangaza ɗaya mai kyau ranar, da wani labarin ake bayarwa yau.

Kuma ku tambayi kanku, da me suke buga wasan? Ba zuciya kaɗai ba ce, allura ce. A kashe wurin kafin a fita, a ƙara a hutun tsakiya. Ryan Kesler da ya buga wa Vancouver da Anaheim ya fito ya faɗa da bakinsa cewa maganin kashe zafin da ya daɗe yana sha don ya iya wasa ya lalata masa hanji. Gabriel Landeskog ya ɗaga kofi a 2022 da gwiwa mai ciwo, sai da ya yi kaka uku cur bai buga ba, sai bana ya dawo bayan an dasa masa guringuntsi. Shea Weber na garinku, Malam Isufu, tun daga wasan ƙarshe na 2021 bai sake taka ƙanƙara ba.

Su kuma Florida da ake yabo, ni ban manta da watan jiya ba. Sam Bennett ya sa wa mai tsaron ragarmu ta Toronto Anthony Stolarz gwiwar hannu a ka, yaron ya koma benci yana amai, aka kai shi asibiti. Ko wasa ɗaya ba a dakatar da Bennett ba. Ga shi yanzu shi aka ba kyautar gwarzon zagayen. Na yarda ya ci ƙwallo 15, na yarda gwani ne. Amma in ana cewa tauri, a riƙa bambance wanda ya sadaukar da jikinsa da wanda ya sadaukar da jikin wani.

Abba, Kano
Anti, ai ba wanda ya tilasta musu. Miliyoyin daloli ake biyan su, kuma tun suna yara burinsu ke nan. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ɗan dambe ma ya san abin da zai tarar kafin ya ɗaure hannu.

Alhaji, Calgary
Hajiya, ina ganin girman aikinki, amma kada mu mai da maza ragwaye. Na zo ƙasar nan a 2001. A 2004 ina tsaye a titi na 17 cikin jajayen riguna lokacin da Calgary ta kai wasan ƙarshe da Tampa Bay. Kyaftin ɗinmu Jarome Iginla, mahaifinsa ɗan Najeriya ne, Bayerabe. A wasa na uku ya zubar da safar hannu ya kama Vincent Lecavalier, tauraro da tauraro, ba 'yan haya ba. Ranar muka ci 3–0, shi ma ya jefa tasa. Ni da ban san dokokin wasan sosai ba a lokacin, sai da tsigar jikina ta tashi. Shugaba ne ya nuna wa yaransa cewa abin da zai sa su yi, shi ma zai yi. An cinye mu a wasa na bakwai, amma har gobe in ka ambaci sunansa a garin nan sai an gyara zama. Namiji barkono ne, sai an tauna ake sanin yajinsa.

Maman Iman, Mississauga
Alhaji, Allah ya ƙara girma, ban ce Iginla ba jarumi ba ne. Ƙashi yana ɗoruwa, haƙori ana dasawa. Maganata a kan kai ce.

A 2003, wasa na shida, Scott Stevens na New Jersey ya bangaje Paul Kariya na Anaheim bayan ya riga ya saki faifai. Kariya ya kwanta shame-shame, ba motsi. Ko usur ba a busa na laifi ba. Bayan 'yan mintoci ya dawo ya narka wa Martin Brodeur ƙwallo, filin ya kusa tsagewa. Shekara da shekaru ana nuna wannan a talabijin a matsayin jarumta. Daga baya shi Kariya ya ce bai tuna komai na wasan ba, har na bakwan da ya biyo baya. Abin da duniya ke yaba masa a kai, shi babu shi a ƙwaƙwalwarsa. Ciwon kan ne ya raba shi da wasa a 2011.

A dai 2011 ɗin, cikin wata huɗu, 'yan wasa uku da aka sani da faɗa suka rasu: Derek Boogaard, Rick Rypien, Wade Belak. Boogaard shekararsa 28. Giya da ƙwayar kashe zafi ne ajalinsa, da aka binciki ƙwaƙwalwarsa a Jami'ar Boston aka tarar da cutar nan da yawan bugu a ka ke kawowa. Abba ƙanena, wanda aka buga a ka ba shi da hankalin da zai ce na yarda ko ban yarda ba. Abin da zai yanke hukuncin da shi ne ya bugu.

Malam Nura, Denver
Na makara, sai yanzu na taso daga aiki. Ku ba ni dama in kawo mutum ɗaya, domin a jikinsa ni na ga amsar tambayar Baban Sadik, kuma na gan shi da idona a garin nan. Nazem Kadri.

Musulmi ne, asalin iyayensa Lebanon, an haife shi a London ta Ontario. Yana Toronto kowa ya san shi da zafin zuciya. A 2018 suna karawa da Boston ya maka wani da katanga, aka dakatar da shi wasa uku. A 2019, da Boston ɗin dai, ya kai wa Jake DeBrusk sanda a ka don ya rama wa ɗan uwansa, aka kore shi har ƙarshen zagayen. Duka biyun an fitar da Toronto a wasa na bakwai, a na 2019 yana zaune da kwat yana kallo. Suka gaji suka sallama shi Colorado. A 2021 ya sake, wasa takwas. Idan zafin nama ne tauri, Kadri ya fi kowa, amma sau uku yana barin 'yan uwansa a lokacin da suka fi buƙatarsa.

To 2022 ta zo. A St. Louis ya yi karo da mai tsaron ragarsu Jordan Binnington, mutumin ya ji rauni. Daren nan aka yi masa ruwan zagi a intanet, ana zagin addininsa da asalinsa, har da barazanar kisa, sai da 'yan sanda suka shiga maganar. Wasa na gaba dubban mutane na yi masa ihu, 'yan wasan St. Louis na dungure shi da sanda don ya tanka. Kowa ya san tsohon Kadri zai tanka. Bai ɗaga hannu ba. Su suka tafi kejin horo, shi kuma ya zura ƙwallo uku a ragarsu. Ina kallo a wani shago da abokan aikina, wallahi ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba.

Zagaye na gaba, yi haƙuri Baban Sadik, Evander Kane naku ya tura shi katanga ta baya, babban yatsansa ya karye, aka yi masa aiki. Bai cika mako uku ba ya dawo a wasa na huɗu na ƙarshe da Tampa Bay, shi ya ci ƙwallon ƙarin lokaci. Ya zama Musulmi na farko da ya ɗauki Kofin Stanley, kuma da ranarsa ta zo ya kai shi masallacin garinsu.

Mutane sun fi ambaton yatsan. Ni daren St. Louis ne ya fi girma a wurina. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya mana cewa mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi.

Isufu, Montreal
Sallallahu alaihi wa sallam. Malam Nura, na karɓa, amma da sauran rina a kaba. Kadri ana yaba masa ne don ya haɗiye fushi kuma ya ci. A 2011 Brad Marchand ya riƙe Daniel Sedin na Vancouver yana ta ɗirka masa naushi a fuska, Sedin ya saki hannu yana jiran alƙali ya hukunta. Wannan ba kamun kai ba ne? Amma da Boston ta ɗauki kofin sai aka ce ga hujja, 'yan Vancouver ragwaye ne, an mari gwaninsu ba wanda ya motsa. Aiki iri ɗaya, suna biyu. Kuma Marchand ɗin nan shi ne bana ya ɗaga kofi da Florida.

Abin da ke kwantar min da hankali tarihinmu ne. Philadelphia ta ɗauki kofi a 1974 da 1975 da tsoratar da mutane, Dave Schultz shi kaɗai ya tara horon minti 472 a kaka guda. A 1976 Montreal ta share su huɗu da nema. Tana da ƙattan da ba sa ja da baya, amma gudu da gwaninta ta yi musu.

Alhaji, Calgary
Shi ne ai. Ku dubi kyaftin ɗin Florida, Aleksander Barkov, ɗan Finland. Ba ka ganin sa yana faɗa, ba ka jin muryarsa. Amma shi ake jingina wa McDavid, tauraron Edmonton, ya bi shi kamar inuwa, wasa bayan wasa. Su kuma sauran su jefa faifai bayan ragarku, duk ɗan bayan da ya je ɗauka sai ya sha katanga. Sau ɗaya ba komai. Sau ɗari cikin kwana goma, sai ka ga mutum yana sakin faifai tun kafin a iso shi. Naci ne ya ci ku, Baban Sadik. Sannan rashin Zach Hyman da ya ji ciwo a wuyan hannu tun wasan Dallas ya yi muku illa, shi ne mai yi muku irin wannan aikin.

Baban Sadik, Edmonton
Na gode muku duka. Na ce ina da dalilin tambaya, bari in faɗa.

Sadik shekararsa 14. A nan aka haife shi, tun yana ɗan shekara biyar nake tashi ƙarfe biyar na asuba in kai shi fili, sanyi na tsaga kunne, in durƙusa in ɗaure masa takalmi. Kakar da ta wuce ya shiga ajin da aka halatta bangaza. A watan Maris suna nasu wasannin fitar da gwani, wani yaro ya same shi a kusurwa, kansa ya daki gilashi. Ina zaune a sama na ji ƙarar. Ya miƙe, amma sai na ga ya nufi bencin abokan hamayya kafin ya juyo. Kocinsu ya dafa kafaɗarsa ya yi masa magana a kunne, minti biyu sai ga shi ya sake fitowa. Iyaye suka yi ta tafi. Wallahi ni ma na tafa. Wani uba da ke kusa da ni ya buga bayana ya ce ɗanka ƙarfe ne. Shekara 16 ina garin nan, ban taɓa jin an karɓe ni kamar wannan lokacin ba.

A hanyar gida ya ce Baba tsaya. Ban gama fakawa ba ya yi amai a jikin ƙofa. Ya tambaye ni nawa aka tashi, na faɗa masa. Kafin mu kai danja ta gaba ya sake tambaya. Sau huɗu. Asibiti muka wuce. Mako uku yana ɗaki labule a sake, hasken waya ma ba ya iya kallo, ƙannensa suna tafiya da sanɗa. Da ya warware na tambaye shi me kocin ya ce masa a kunne. Ya ce cewa ya yi, yanzu ne za mu san ko kai namiji ne. Na ce to me ya sa ba ka ce kanka na juyawa ba? Ya ce, Baba, ai kai ka nuna min bidiyon mutumin da ya karye a ƙafa bai fita ba.

Campbell ɗin nan na Malam Isufu. Ni na nuna masa, ba sau ɗaya ba. Har yau ina ganin abin da Campbell ya yi jarumta ne, ban canza ba. Amma ban taɓa zaunar da yaron na ce masa ƙafa daban kai daban ba, domin ni ma ban raba su a raina ba. Mahaifiyarsa ba ta yi min faɗa ba. Da ta yi da ya fi min sauƙi.

Maman Iman, Mississauga
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ƙara masa lafiya, ya tsare gaba. Yaya, ka gode wa Allah da bai sake shan wani bugun ba a mintocin da ya koma, wannan shi ne abin tsoro. A nan Ontario akwai wata yarinya Rowan Stringer, 'yar shekara 17 a Ottawa, 'yar wasan rugbi. A 2013 ta bugu a ka ta ɓoye don kada a hana ta wasa, ta sake buguwa cikin 'yan kwanaki, ta rasu. Da sunanta aka yi doka a 2018, duk yaron da ake zargin ya bugu a cire shi, ba ya komawa sai likita ya sa hannu. Ka kai ƙarar kocin nan wurin shugabannin ƙungiyar a rubuce, ko don 'ya'yan wasu. Kuma kafin Sadik ya sake sa hular nan, likitan da ya san ciwon kai na wasanni ya duba shi, ba wai ya ce na warke a yarda ba.

Alhaji, Calgary
Subhanallah. Baban Sadik, ban san da wannan ba da na zaɓi kalmomina. Abin da na faɗa a kan manya nake, masu gemu da suka san abin da suke saye da abin da suke sayarwa. Wannan kocin ba tauri ya koya wa yaro ba. Ka gaya wa Sadik in ji kakansa na Calgary, akwai wani Akim Aliu, a Okene aka haife shi. Yana ɗan shekara 16 a wata ƙungiyar matasa a Windsor, manyan yara suka ce sababbi su tuɓe a cusa su a banɗakin mota, al'ada ce wai. Shi kaɗai ya ce a'a. A filin atisaye aka zubar masa da haƙora da sanda saboda haka, aka yi ta kiran sa mai taurin kai shekara da shekaru. Bai janye ba. Yaron da zai iya kallon koci ya ce kaina ba daidai yake ba, zan zauna, irin wannan zuciyar gare shi. Amma kada ka raba shi da ƙanƙara in yana so, ina roƙonka.

Abba, Kano
Allah ya ba shi lafiya Yaya. Na janye maganar zomo. Amma tsakani da Allah, in an hana koma wa wasa bayan bugu, an hana faɗa, ba za a wayi gari hokin ya zama wani abu daban ba? Abin da ya sa ni da nake Kano nake hana idona barci ke nan fa.

Malam Nura, Denver
Abba, a gasar Olamfik duk wanda ya yi faɗa korar sa ake yi daga wasan, kuma ba wanda ya taɓa cewa wasan Kanada da Amurka na 2010 a Vancouver ya yi sanyi. Nemo shi ka kalla daren nan, sai mu yi magana.

Baban Sadik, Edmonton
Hajiya, na rubuta musu tun Afrilu, sun ce suna dubawa. Likita ya sallame shi a watan Mayu. Alhaji, zan karanta masa saƙonka in ya dawo daga makaranta, in sha Allahu. Takardar rajistar kaka mai zuwa tana kan firij tun makon jiya, akwai gurbi biyu, ajin da ake bangaza da wanda ba a yi. Shi ya riga ya sa alama da fensir a na farkon. Mahaifiyarsa ta goge, ya sake sawa. Wurin sa hannuna ne ya rage. Ga fasinja ya fito, sai anjima.